Lawashin Turawa: damina ko hunturu?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaye ni wanne ya fi tsakanin shuka siririn lawashin nan na Turawa, wanda suke kira chives, da damina da kuma jiran sanyi. Na gwada duka biyun a tsakar gidanmu nan Kano. Ki jira sanyi.

Da damina na fara, don ruwan sama ya hutar da ni ban ruwa. Ya hutar da ni kam, amma da ruwan Agusta ya kankama ƙasar bokitin ta jiƙe sharkaf, saiwar ta ruɓe, ganyen ya yi rawaya ya kwanta. Har yau ina jin takaicin kuɗin irin nan.

Na biyun a makon farko na Nuwamba na shuka, ruwa ya ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Tsohon bahon roba na huda wa gindi da ƙusa mai zafi, na haɗa ƙasa da yashi da takin tumaki wanda ya riga ya ruɓe. Irin ba ya son zurfi, yayyafawa za ki yi ki rufe da 'yar ƙasa kaɗan. Sai haƙuri, don yakan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ya tsiro. Na kusa fid da rai, wata safiya sai ga autata ta rugo ɗaki tana cewa, "Umma, zare ya fito a baho!" Haka yake fitowa kuwa, kore siriri a lanƙwashe, sai daga baya ya miƙe. Wajen ƙarshen Janairu na sa almakashi na yi yankan farko, na bar masa tsawon yatsu uku a kwance daga ƙasa, na watsa a wainar ƙwai. Ƙamshin albasa ne mai sanyi, ba ya sa hawaye. Kafin mako 3 ya sake tofowa.

Tsiron ƙasashen sanyi ne, irinsa ya fi tashi idan zafi bai wuce digiri 15 zuwa 21 ba, mu kuwa a Kano sai da hunturu muke samun dare mai irin wannan sanyin. Ki duba manoman Kura da Kadawa, ai da rani suke noman albasarsu, wannan kuma ɗan uwanta ne. Idan kin shuka a Nuwamba, kafin zafin Maris da Afrilu ya haura digiri 40 ya riga ya kafa saiwa. A lokacin sai ki jawo bahon inuwa, inda ranar safe kaɗai za ta taɓa shi. Nawa a gindin darbejiya ya yi bazara. Ƙurar hunturu kuma tana lulluɓe ganyen, ki riƙa ɗauraye shi idan kina ban ruwa da safe.

Don Allah ki kula da masu sayar da iri. Irinsa baƙi ne ƙanana, ba ki bambanta shi da na albasa da ido, wasu kuma na albasar za su ƙulla miki a leda su rantse. Wasu tsohon iri ne da ya sha rana a kan tebur, alhali irin dangin albasa da ya wuce shekara ƙarfinsa ya ragu sosai. Ki sa ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma ki ga ko za su tsiro kafin ki sayi da yawa. Na gaskiya ganyensa siriri ne mai rami a ciki, kuma ba ya yin babban kai a ƙasa. Wanda ganyensa ke da faɗi yana ƙamshin tafarnuwa wani ne daban, ko da yake ya fi jure zafinmu.

In kin san mai shi a gida, ki roƙi ta ɓantaro miki curi da saiwarsa, ya fi iri sauri nesa ba kusa ba. Ki tanadi bahonki da taki tun yanzu, ruwa na ɗaukewa a ƙarshen Oktoba ki dasa.