Littattafan labarin 'yan unguwa: wanne za a sa a kantar makaranta?

Shekarata uku ina riƙe da ɗan ɗakin karatun makarantarmu a nan Jidda, kanta huɗu da kabad ɗaya. Yaron da ya kai sha huɗu ya wuce Gizo da Ƙoƙi. Labarin layi yake so: majalisar samari, 'yan daba, yaron da ya bar gida ya koma kwana a tasha, yarinyar da talla ta kai inda bai kamata ba. Tun da aka rushe unguwannin Karantina da Sabil da Gulel tsakanin 2021 da 2022, iyalai suka warwatsu, sai na ga ƙishin irin wannan labari ya ƙaru, kamar tsohuwar unguwa suke nema a cikin takarda.

Na Turanci, wato labaran unguwannin baƙar fata na Amurka, tuni na ajiye su gefe. Ga tsada, ga ashar, ga Turancin titi da malamin Turancinmu ma sai ya sosa ƙeya. Na Larabci suna nan a kantin littattafai na Jarir da bajekolin littattafai na Jidda, ɗauri mai kyau, kuma yaranmu sun fi gudu a Larabci, amma lungun Alƙahira ba lungunmu ba ne. Biyu ko uku sun isa. Na WhatsApp da ake fitarwa a firinta kuwa, ko kyauta aka ba ku kada ku karɓa.

Ni dai bugun Kano da Zariya nake so, musamman tsofaffin na kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da sababbin da suka bi ta hannun edita. Yaron da aka haifa a Makka ko Jidda Hausa yake ji a gida, amma da baƙaƙen Larabci ya fara karatu, boko a hankali yake bin sa. In littafi ba ya sa lanƙwasa, ya rubuta baki a wurin baƙi, fada a wurin faɗa, kafa a wurin ƙafa, yaron zai yi tuntuɓe sau uku ya rufe. Don haka abin da nake fara dubawa ke nan. Sai tsawon babi: shafi biyar zuwa takwas, wanda za a gama tsakanin La'asar da Magariba. Sannan labarin kansa. Ina son wanda zai nuna sholisho da tiramol da kodin, wanda aka hana shigo da shi Najeriya a 2018, yadda suke cin yaro a hankali, ba tare da marubuci ya tsaya yin wa'azi ba, ba kuma tare da ya mai da ɗan daba gwarzo ba. Wani ɗalibina ya dawo da irin wannan ya ce, "Malam, wallahi kamar yayana aka rubuta." Kwana biyu ya yi ya gama, shi da ba ya gama komai.

Yanzu ga inda aka ƙone ni. Bara na tura kuɗi ga wani dillali a Kano, wata Hajiya 'yar Kano-Jidda ta taimaka ta ɗauko kwalin cikin kayanta, Allah ya saka mata. Da na buɗe, bango sumul, ƙyalli kamar sabon faranti. Ciki kuwa fotokwafi ne, tawada ta dishe, shafi na 33 ya biyo bayan na 48. An san al'adar littattafan kasuwar Kano, a raba labari ɗaya gida uku ko huɗu. To, labarai shida ya aiko, kowanne na ɗaya da na biyu, babu na ƙarshe ko guda. Wata uku yara suna bina, "Malam, an kama shi ko ya tsere?" Na kira mutumin, ya ce in ƙaro kuɗi. Daga baya wayar ta daina shiga.

Don haka kada ku biya kan hoton bango. A ɗauko muku bidiyo ana buɗe littafin, a nuna shafin farko mai sunan maɗaba'a da shekara, a nuna na ƙarshe ku ga an rubuta Alhamdulillahi ko Tammat, ba "mu haɗu a littafi na uku" ba. Ku sa a lanƙwasa ƙashin bayansa. Mai gam kaɗai zafin Jidda zai ɓarke shi kafin zango ya ƙare, mai ɗinki ko fil biyu ya fi jurewa. Akwai masu canza suna da bango su sayar muku labari ɗaya sau biyu, akwai kuma masu lulluɓe labarin batsa da bangon yarinya mai hijabi. Tambarin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Kano yana ɗan kwantar da hankali, amma shi ma ana kwafarsa, don haka ni sai na karance littafi tas kafin ya hau kanta. Kuɗi kuma rabi za ku bayar, rabi sai wani naku a Kano ya je shagon ya ƙirga da hannunsa, kafin a ɗaure kwali a miƙa wa mai zuwa Umara.