Shagon shayi a Samaru da kalmar da ke kan allonsa

A bakin titin Samaru, kusa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wani shagon shayi da na ziyarta sau uku a hunturun bana, kuma abin da ya fara jan hankalina shi ne allon da mai shagon ya rataye, inda ya jera abin shansa da sunaye huɗu: shayi, chai, atai da ti, kowanne da irin dahuwarsa.

Atai shi ne gwanintar gidan. Ana dafa koren ganye a ƙaramar buta bisa garwashi, a sa na'a-na'a, a riƙa zubo shi daga sama har kumfa ta taru a bakin finjali, sannan a sha zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi, kamar yadda Buzaye suke yi. Sai dai mai gaggawa ba zai ji daɗinsa ba. Chai ɗin kuwa bai gamsar da ni ba, saboda sukari da madara sun danne citta da kanumfari, shi kuma ti ruwan zafi ne kawai da ganye mai zare.

A ƙasan allon an rubuta cewa kalmar shayi Larabci ce, wanda rabin gaskiya ne. Hausa ta aro ta daga "shay" na Larabci, amma Larabawa ma aro suka yi, domin tushenta "cha" ne na ƙasar Sin, wanda ya bi hanyoyin fatake ya zama "chay" a Farisa da Turkiyya da Rasha, ya zama "chai" a Indiya da kuma harshen Swahili. A gaɓar tekun lardin Fujian na ƙasar Sin kuwa "te" ake furta kalmar, kuma wannan lafazin ne 'yan kasuwar Holan suka kai Turai a ƙarni na 17, ya haifi sunan da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci suke amfani da shi. Mutanen Fotugal, waɗanda suka zauna a Makawo, a gaɓar kudancin Sin, tun 1557, su "cha" suka ɗauka. Ashe Bahaushe ya gaji rassan biyu ke nan, shayi daga Larabawa, ti daga Turawan mulkin mallaka.

Ma'anar ma ta yi yawo. A Kenya idan ma'aikaci ya nemi "chai", abin da muke kira na goro yake nufi, a Rasha kuma "na chay" shi ne ɗan ihsanin da ake bar wa mai hidima a gidan abinci. A Hausa akwai wani shayin mai nufin kaciya, wanda ba shi da dangantaka da wannan, kamar yadda kamanninsa da aikatau "sha" dace ne kawai.

Da na yi wa mai shagon wannan bayani, sai ya ce, "Malam, ai mu a bakin Larabawa muka ji ta." Wurin yana da tsabta, ana wanke finjalai da ruwan zafi, amma bencunan sun yi kaɗan idan ɗalibai suka cika bayan sallar isha'i. A zuwana na uku na tarar an rage sukarin chai, allon kuwa yana nan yadda yake.