Faifan baya ya fito: wurin kairofrakta ko wurin masu fisiyo?

Ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara afuwa. Ka ce hoton MRI ya nuna faifan da ke tsakanin L5 da S1, wato ƙasusuwa biyu na can ƙasan baya, ya fito, yau mako uku ciwo na gangarowa daga ɗuwawu har diddigen hagu. Kana tambaya ko ka je wurin kairofrakta, masu matsa baya har ya yi ƙara, ko ka bi masu gashin ƙashi, wato fisiyo, inda likita ya tura ka.

Faifan nan matashi ne tsakanin ƙasusuwan baya, kewayensa guringuntsi mai tauri, cikinsa laushi. In kewayen ya tsage sai na cikin ya ɓullo ya taɓa jijiyar da ke sauka ƙafa, ta kumbura. Shi ya sa ƙafar ta fi bayan ciwo, ko atishawa ka yi sai ka ji kamar lantarki ya ja ka. To, babu hannun da ke kai wa can ya tura shi ya koma. Tsoka da ƙashi sun tare hanya. Duk wanda ya ce zai mayar maka da shi mazauninsa, ka san ya faɗi abin da ba ya yiwuwa.

Daniel David Palmer ne ya kafa aikin kairofrakta a 1895 a garin Davenport na Amurka, bisa ra'ayin cewa gocewar ƙashin baya ce tushen yawancin cututtuka. Kimiyya ba ta gaskata wannan ba, amma aikin hannun nasu yana da ɗan amfaninsa. Zai kwantar da kai ta gefe, ya naɗe maka gwiwa, ya dafe kafaɗa, ya murɗa ƙugu da sauri, sai ka ji ƙas! Ƙarar nan kumfar iska ce a ruwan ƙananan gaɓoɓi, irin wadda kake ji in ka lanƙwasa yatsa. Tsoka kan saki, ciwo ya lafa na sa'o'i ko kwanaki. A ciwon baya na yau da kullum hujjarsu ba laifi, a ciwon da ya sauka ƙafa irin naka kuwa ba ta da ƙarfi sosai.

Mai fisiyo ba shi da wannan armashin. Zai sa ka kwanta ruf da ciki, ka ɗago a kan gwiwar hannu, ya tambaye ka ina ciwon ya koma. Abin da yake farauta shi ne motsin da ke janye ciwon daga diddige ya dawo da shi ƙugu, dabarar da Robin McKenzie na ƙasar New Zealand ya yi suna da ita. In ya samu, sai ya ba ka aikin gida, da tafiya a ƙasa kullum, da hana ka dogon zama. Da gundura, gaskiya, kuma mutane da yawa kan watsar. Sai dai abin da ka koya naka ne, ko tsakar dare ciwon ya tashi. Hukumar NICE ta Ingila ma, mai tsara ƙa'idojin jinya, a ƙa'idarta ta 2016, cewa ta yi a yi aikin hannu kawai in an haɗa shi da motsa jiki.

Abin da ba a cika gaya wa mara lafiya ba: yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da tiyata ba, domin jiki da kansa yake tsotse abin da ya ɓullo. Don haka duk wanda kake zuwa wurinsa a mako na shida, shi zai kwashe yabon. Ka tuna da wannan in aka ce ka biya kuɗin zuwa da yawa tun kafin a fara.

Ni dai da ni ne, fisiyo zan riƙe. In kana son gwada kairofrakta a kai, ka nemi mai lasisi, ka nuna masa hoton, ka ce ya bi a hankali, kuma kada ya murɗa maka wuya, tunda ba can matsalar take ba. Murɗar wuya kan yaga jijiyar jini, ko da yake ba kasafai ba. Mai raunin ƙashi ko mai shan maganin tsinka jini, wannan matsar ba tasa ba ce.

Akwai inda duk biyun ba su da aiki. In fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, ko bayan gida ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba ka jin taɓi, asibiti za ka nufa a ranar, sashen gaggawa, don jijiyoyin ƙasan laka ne aka matse. Yau kuma ka dafa bango, ka tsaya a kan ƙafar hagu, ka ɗaga diddige sau goma, sannan ka gwada da dama. In ta hagun ta gaza, alamar rauni ce a ƙafar, ka koma wurin likita kafin kowa ya taɓa bayan nan.