Kafin ka kama masauki a ƙauyen wasan zamiya, duba 'yar hanyar da ke ƙofarsa

Mai shirin zuwa tsaunukan Alps na Faransa don wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara yakan tsaya duba girman ɗaki da kyan hoto. Ni abin da nake fara tambaya shi ne: daga bakin ƙofa zuwa inda ake hawa kujerun igiya masu kai 'yan wasa saman tsauni, yaya hanyar take? 'Yar gajeruwa ce, amma kullum sai ka bi ta safe da yamma, kuma da yamman ƙafafu sun riga sun yi laushi.

Masauki mafi tsada shi ne na bakin hanyar zamiyar kanta, inda za ka ɗaura allunan zamiya a ƙafafunka tun a ƙofa ka sulale. Da wannan niyya aka gina ƙauyen Avoriaz a shekarun 1960, a tsayin mita 1,800. Mota ba ta shiga, titunan garin su ne hanyoyin zamiya, kaya ma dawaki ne ke jan su a kan ƙanƙara. Val Thorens ya fi shi bisa, mita 2,300, shi ya sa ake wasa a can tun ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu.

Sai dai kada daɗin bakin masu talla ya ɗauke ka. A Faransa launi huɗu ake sa wa hanyoyin zamiya gwargwadon wahalarsu: kore na 'yan koyo, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi na gwanaye. Idan wadda ke sauka masaukinka ja ce, kai kuwa yanzu ka fara koyo, ka biya kuɗin abin da ba za ka mora ba. Dole ka kwance alluna ka saɓa a kafaɗa, ka taka da takalman nan masu nauyi da ba sa lanƙwasuwa, in da yara kuma ka haɗa da nasu. Wannan yana ba ni takaici, domin iyali kan yi shekara suna tara kuɗin mako guda. Tambayi kuma ina gangaren ya fuskanta. Wanda ke kallon kudu rana na narkar da shi, dare ya daskarar da shi, da safe ya zama santsi zalla. A ƙasa-ƙasa kuwa, in babu injinan feso ƙanƙara, ƙarshen Maris kana iya tarar da ciyawa.

Mai neman sauƙin kuɗi sai ya sauka kwari. Brides-les-Bains yana wajen mita 600, kuma motar igiya ta Olympe, wadda aka kafa don gasar Olamfik ta Albertville a 1992, tana kai mutum Méribel, ƙauyen zamiyar da ke samansa, cikin kusan minti 25. Ɗaki ya fi araha, amma ba maganar leƙowa gida cin abincin rana ko sallar azahar, kuma wanda motar ƙarshe ta tsere wa sai ya nemi tasi.

Chamonix, inda aka yi Olamfik ɗin hunturu na farko a 1924, gari ne mai kyau, amma filayen zamiyarsa a warwatse suke, yawanci sai da bas. Ban ba ɗan koyo shawararsa ba.

Mai iyali ya daure ya ƙara kuɗi ya kama bakin hanya kore ko shuɗiya a Avoriaz. Saurayi mai ƙarfi a jika, Brides-les-Bains ta ishe shi. Kowanne ka zaɓa, sa mai masaukin ya rubuto maka sunan hanyar, ka neme ta a taswirar wurin. In ba ta ciki, wataƙila sawun mutane ne kawai, ba mai gyara ta da dare.