Na kai yarana biyu wurin mai duba magana a Kano

Cibiyar mai zaman kanta ce, aikinta duba ji da maganar yara. 'Yata mai shekara shida malamar ajinsu ce ta rubuto cewa tana ɓata kalmomi, a nema mata magani. Ƙaninta kuwa ya haura shekara biyu da rabi, amma kalmomin da ke bakinsa ba su taka kara sun karya ba. Mu Sakkwatawa ne, aiki ya kawo maigida Kano, kuma Inna, mahaifiyarsa, a gidanmu take.

Kafin a ce musu uffan sai da aka gwada jinsu. An sa wa yarinyar abin saurare a kunne tana ɗaga hannu duk lokacin da ta ji ƙara, shi kuma aka zura masa wata ƙaramar na'ura da ke auna motsin fatar dodon kunne. Nata lafiya lau. Shi an samu ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa na hagu, abin da ke yawan biyo bayan mura ga ƙananan yara. Ba ya ciwo, shi ya sa ba ya kuka da shi, amma yana sa magana ta riƙa iso masa a dusashe. Suka tura mu wurin likitan kunne.

Abin da ya sa nake yaba wurin shi ne tambayar da ƙwararriyar ta fara yi mini: "Hajiya, wace Hausa ake yi a gidanku?" Ta ce in ɗauko bidiyon yaran a waya suna hira da kakarsu, domin yaro ba ya sakin baki gaban baƙo. Ta zauna ta saurara da biro a hannu. 'Yata tana cewa "shina tahiya", "naira biyat", "rigat Inna ta". Sai ta juya ga Inna ta ce, "Inna, ke ya za ki faɗi wannan?" Inna ta faɗa, babu bambanci ko kaɗan. Nan ta bayyana mana cewa yarinyar tana bin ƙa'idar Sakkwatanci ne tiryan-tiryan: "h" a inda Bakano ke sa "f", "t" a inda yake sa "r", "na" da "ta" a madadin "ne" da "ce". Duk inda ƙa'idar ta kama, nan take sa ta, ba ta kuskure. Ta ce haka yaron Zariya zai ce "mota ne" ko "rigan Audu", kuma lafiyarsa ƙalau. Ma'auninta shi ne yadda mutanen gidan yaro ke magana, ba Hausar littafin aji ba.

Duk da haka ba ta sallame mu da wannan kaɗai ba, kuma na ji daɗin hakan. Ta ba yarinyar umarni mai gaɓa uku a jere, ta bi. Ta sa ta maimaita dogayen jimloli da wasu ƙirƙirarrun kalmomi marasa ma'ana. Ta ba ta hotuna ta ce ta tsara labari, ta kawo shi daga farko har ƙarshe, har da dalilin da ya sa akuyar ta gudu. A cewarta, yaron da ke da matsalar harshe ta gaske a irin waɗannan wurare yake tuntuɓe: yana zubar da ƙananan kalmomin da ke nuna lokaci da wanda ya yi aiki, yana lalubar kalmar da ya sani ta ƙi zuwa, labarinsa yana tarwatsewa. Kuma matsalar tana bin sa cikin kowane harshe da kowane kari da yake yi, har da na gidansu. Jin harsuna biyu ko kari biyu ba ya haddasa ta.

Batun ƙanin ya fi ɗaukar lokaci. Abin da aka saba gani shi ne yaro ya kai kalmomi wajen 50 a wata 24, ya fara haɗa biyu, kamar "Mama ruwa". Nawa bai kai nan ba. Ta ce in lissafo duk abin da yake faɗa da manufa, har "mee" da yake kiran tunkiya da shi, da kalmomin Turanci da ya tsinta wurin yayarsa. Sannan ta baje kayan wasa a tabarma. Ta ce ya ba 'yartsana abinci, ya ɗauki cokali ya kai bakinta. Ya nuna mata fanka da yatsa ya waiwayo ya ga ko tana kallo. Waɗannan, in ji ta, alamu ne masu daɗi: yana fahimta, yana son a yi hulɗa da shi. Don haka ta kira abin jinkiri, ta ƙi liƙa masa wani suna. Da yawa daga irinsu suna kamo tsara kafin su shiga makaranta, wasu kuma ba sa kamowa. Su ne ake ganowa daga baya suna da abin da ake kira DLD a taƙaice da Turanci, wato matsalar koyon harshe mai ɗorewa, sunan da ƙwararru ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dorothy Bishop ta Jami'ar Oxford suka amince da shi a 2017. Binciken da aka yi a Ingila da Amurka ya nuna tana shafar yara kusan 7 cikin 100. Ƙwararriyar tamu ba ta ce mu koma gida mu jira ba. Ta koya mini in riƙa faɗin abin da yake yi lokacin da yake yi, in ƙara kalma ɗaya a kan wadda ya faɗa, in rage yi masa tambayoyi kamar mai jarrabawa, in kuma rage masa waya.

Inda wurin ya gaza shi ne kayan gwaji. Katunan hotunan daga ƙasar waje suka zo: dusar ƙanƙara, akwatin jefa wasiƙa, wani kare a kan kujerar falo. Ita da kanta ta ce makin da ke jikinsu an auna shi ne da yaran Turawa, ba za ta yi hukunci da shi ba, ta koma amfani da buta, tsintsiya da faifai. Hikimarta ce ta cike gurbin, kuma ina tsoron yadda abin zai kasance a hannun wanda zai dogara da makin. Kuɗin ma da nauyi ga mai ƙaramin ƙarfi, ga dogon layi kafin a samu rana.

Rahoton da suka ba mu da Turanci yake daga sama har ƙasa. Na roƙa a rubuta sakin layi ɗaya da Hausa wanda zan karanta wa Inna, da wani gajere ga malamar aji da ke cewa a koya wa yarinyar Daidaitacciyar Hausa a rubutu ba tare da an ce maganar gidansu kuskure ce ba. Na malamar sun ba ni a ranar. Na Hausar har yanzu ina jira.