Zauren baje koli: jan katako mai sassaƙa ko farin bango irin na Suzhou?

Alhaji, ka tambayi wace ƙawa za ka yi wa zauren baje kolin hajarka: jan katako mai sassaƙa, ko farin bango. Cikin biyun da ka kawo, ɗauki na biyu. Bar zauren a tsarin Turawa, bango fari fes, sannan ka ɗora kayan Sin 'yan kaɗan. Na farkon, jan katako mai sassaƙa da fitilar kiristal a sama, a hoto kawai yake burgewa. Idon baƙo a bango zai maƙale, ya wuce hajarka bai gani ba.

Dubi gidan tarihin birnin Suzhou na ƙasar Sin, da mai zanen gine-gine I. M. Pei ya zana, wanda aka buɗe a 2006. Farin bango ne da aka yi wa baki da dutse mai ruwan toka, ƙarfe da gilashi a rufi. Da hantsi rana kan ratso ta tsakanin sandunan da ke ƙarƙashin gilashin, ta zana layi-layi a jikin bango. Babu sassaƙa, amma kana shiga ka san a Sin kake.

Abu uku sun ishe ka: ƙofa ɗaya mai zagaye kamar wata a mashiga, faɗinta kamar mita 2.4, shingen raga tsakanin sassa, da kujeru biyu samfurin zamanin Ming, wata tsohuwar daular Sin. Hanyar wucewa kada ta gaza mita 1.5. Fitilu duka su zama 3000K, wato masu haske ruwan ɗorawa-ɗorawa, CRI (ma'aunin yadda fitila ke nuna ainihin launin kaya) 90 ko sama, a karkato su wajen digiri 30 don kada gilashi ya riƙa walwali a ido. Idan ka gauraya su da farar fitila ta 6500K, bangon zai fito kamar ya yi datti.

Ragar kuwa sayi ta alminiyam mai zanen itace. Katakon da aka haɗa a laimar lardin Guangdong na kudancin Sin, hunturun Kano na taɓa shi sai ya tsuke, mahaɗa su buɗe, fenti ya tsage. In dole sai katako, a auna danshinsa a gabanka, kada ya haura kashi 10 cikin 100.

Ka kuma yi hattara da wasu dillalai a Foshan, wani birni a Guangdong. Samfurin alminiyam mai kaurin milimita 1.4 za su miƙo maka, a kwantena su loda na 0.8, wanda yatsa ma ke lotsa shi. Kujera kuma ka kifa ta ka duba ƙarƙashi: in zanen itacen bai bi har bakin yanka ba, garin katako ne aka matse aka lulluɓe. Kada ka cika kuɗi sai wakilinka ya auna kayan kafin a rufe kwantena.