Ƙotar babbar wuƙa: itace, ƙaho, fata ko igiya?

Kafin ka sayi komai, ɓalle tsohuwar ƙotar ka duba ƙarfen da ke ciki, domin shi zai faɗa maka abin da zai yiwu. Wata wuƙar ƙarfenta ya miƙe da faɗinsa har ƙarshen mariƙi. Wannan ɓari biyu ake manna mata, a kafe da ƙusa. Wata kuwa siririyar wutsiya gare ta, irin ta yawancin wuƙaƙen maƙeranmu, sai an huda abu guda an cusa ta ciki.

Ni dai itace nake sa wa a gaba, amma ba kowanne ba. Marke shi ne na farko. Ba banza ba masassaƙa ke fafe ƙotar fartanya da shi: yana da tauri, yana jure sara. Ƙirya ta fi shi ƙarfi, gara ba ta kusantarta, sai dai tana gajiyar da magagari, kuma idan ka huda ta da gaggawa tana iya tsagewa. Maɗaci ya fi su sauƙin aiki da kyan launi, ja mai duhu, ga guntayensa a wurin kafintoci da araha. Rimi da sauran itace masu taushi, bar su. Babban sharaɗi shi ne bushewa. Ɗanyen itace zai zauna daram da damina, hunturu na kamawa ya tsuke, ƙusa ta fara rawa. Tsohuwar taɓarya da ta karye ta fi sabon reshe nesa ba kusa ba.

Ƙahon shanu yana ɗaukar ido idan an goge shi, amma tsininsa kaɗai ne cikakke, sauran rami ne. Ga santsi. Duk wanda ya taɓa fiɗa ranar layya ya san yadda kitse da jini ke mai da hannu, kuma babbar wuƙa da ta suɓuce ba ƙaramin haɗari ba ce. Ƙaho na wuƙar ado ne.

Fata ta dace da mai siririyar wutsiya. Ana yanka ta zobe-zobe, a jera, a matse, a datse ƙarshen da ƙarfe. Haka ƙotar Ka-Bar take, wuƙar da sojojin Amurka suka riƙe a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana da daɗin riƙo, ba ta zafi a rana, kuma kowane baduku zai sayar maka da guntaye masu kauri. Aibinta ruwa: idan tana yawan jiƙewa takan kumbura ta ruɓe, ƙarfen ciki ya yi tsatsa.

Akwai Micarta da G10 da ake shigowa da su. Ta farko yadi ne aka jera aka daskarar da gam, kana ma iya yin irinta da tsohon wandon jins. G10 kuwa zaren gilashi ne, ƙurarsa tana cutar da huhu, kada ka goge shi ba takunkumi. Duka biyun ba ruwansu da damina ko hunturu, sai dai tsada.

Naɗin igiyar lemar sauka daga jirgi ko robar cikin taya shi ne mafi arha, minti 20 ka gama. Ya yi wa addar shiga gona, amma kada ka yi wa wuƙar nama, don jini na shigewa tsakanin naɗin, wanki ba ya fitar da shi.

Gam kuma, sayi mai haɗi biyu irin Araldite, wanda ke kwana kafin ya kama, ya fi na minti 5 riƙo. Ƙusoshi biyu ko uku na tagulla, masu kaurin milimita 4 zuwa 6, sun isa. Tsawon santimita 12 ya wadaci yawancin hannaye. Kada ka mulmule ƙotar kamar sanda. Bar ta da siffar ƙwai, yadda ba za ta juya a tafinka ba, ka kuma bar ɗan tudu kusa da kaifi da zai tare yatsa. Idan ka gama da samfefa, shafa kakin zuma maimakon man gyaɗa, wanda ke yin wari daga baya. Tun kafin ka fara aikin, naɗe kaifin da kwali da tsumma mai kauri.